Shekarar da Na Farke Tsuntsayen Laima

Ku da kuka buɗe ido kuka tarar da ni zaune ni kaɗai a zaure, allura a hannu, fuska a murtuke, kuna zaton haka Allah Ya halicce ni. Har na taɓa jin Bilki tana ja wa 'ya'yanta kunne, wai su bi a hankali, kakansu ba ya son hira. To ba haka nake ba da. An yi lokacin da sai mahaifiyarku, Allah Ya jiƙanta, ta leƙo ta ce mu rage dariya, maƙwabta na salla. Mu biyu ne a zauren nan fiye da shekara talatin, ni da Ilu. Tabarmarsa tana bakin ƙofa inda haske ke faɗowa, tawa tana ciki, jikin bango. Abin da ya raba mu shi zan rubuta a nan, don labarin da kuke ba junanku a kai ba daidai ba ne, kuma ni na bar shi ya karkace.

Sai na fara da yadda sana'ar take, tunda duk cikinku ba wanda ya ɗauke ta. Ɗinkin hannu, yadda muka gaje shi a Daura, aikin mutum biyu ne: mai zane da mai ɗinki. Mai zane shi ke shimfiɗa yadi, ya tsoma alƙalamin kara a tawada, ya fitar da zanen ado irin su aska da dagi da tambari, ba ma'auni sai ido. In ya gama ya miƙa wa mai ɗinki, shi kuma ya bi sawun tawadar da zare har ya binne ta. In aka wanke riga aka kai ta wajen bugu, ko ɗigon tawada ba ya saura. Mai riga ya sa ya fita, a tare shi da tambaya, wa ya yi maka wannan ɗinki? Ban taɓa jin wanda ya tambayi wa ya zana ba. Ilu mai zane ne ɗan mai zane, ni mai ɗinki ne ɗan mai ɗinki. Mahaifinsa ya yi wa mahaifina zane, shi ya yi mini. Ni in na ce zan zana da'ira sai ta fito kamar gurasar da aka zauna a kai, shi kuwa in ya kama allura yatsarsa yake fara sokewa kafin yadi. Yana kirana Mai-allura, ina kiransa Mai-tawada, kuma mutanen unguwa da yawa ba su san sunana Hamisu ba.

Da keken ɗinki ya ƙwace mana manyan riguna, ni na so in yi zuciya in koma gona. Ilu ne ya hana. Ya ce ai ba riga kaɗai ke son ado ba, duk abin da hannu ke taɓawa kullum yana so. Muka koma kan rigar matashin kai, da labulen ɗaki, da jakar rataye Alƙur'ani, da marufin faranti. Muka yi wa rediyo riga. Har 'yan acaɓa suka yi yayin rigar kujerar babur mai dagi a tsakiya, ina ɗinkawa ina mita, ina cewa yanzu dagin da ake sa wa a ƙirjin malamai shi ƙato zai haye ya zauna a kai. Ilu ya ce to ai shi ma mazaunin bawan Allah ne. Da irin wannan muke wuni. Ba mu yi arziki ba, amma ban san kaɗaici ba.

Laimar kuwa ta girme mu duka. Iyayenmu ne suka saye ta tare a hannun wani falke, tun suna samari, doguwa mai mariƙin katako da ƙarafa takwas, yadinta fari mai kauri wanda shekaru suka mai da shi ruwan ƙasa. Mahaifin Ilu ya zana tsuntsu ɗaya a kowane ɓangare, mahaifina ya bi da alharini da zaren tsamiya, ya zagaye bakin da geza. Akwai shamuwa, da gauraka, da belbela, da zalɓe, da kurciya, da zabo, da jimina, da tsattsewa. Ba irin tsuntsayen da yara ke zanawa a bango ba. Zalɓen nan ya ɗaga ƙafa ɗaya yana kallon ƙasa, sai ka rage murya don kada ya tashi. Gaurakar kuwa an yi mata tukkun da zare kala uku, in rana ta bugi laimar sai ya yi kamar yana motsi. Ba laimar sarauta ba ce, ta unguwa ce. Wanda ya sauke Alƙur'ani a riƙe masa, wanda ya dawo daga Makka a tarye shi da ita tun daga tasha har ƙofar gida. Ruwa bai taɓa taɓa ta ba, ba a fita da ita da damina, ba a kuma taɓa wanke ta ba. Shekara ɗaya tana gidanmu, shekara ɗaya tana gidansu Ilu. In abin farin ciki na gidanmu ne, ɗan gidansu ke riƙewa, in nasu ne mu riƙe. Haka muka tarar.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu, ina cikin waɗanda suka fi kowa murna, kuma har gobe ban yi da-na-sanin wannan murnar ba. Masallatai suka cika. Kowa ya shiga binciken kansa da gidansa, wasu kuma suka fi ƙarfi a binciken gidan maƙwabci. A lokacin ne yayanku Abba ya dawo daga karatu a Kano da littattafai cike da akwati. Wata rana bayan la'asar na buɗe laimar a tsakar gida don ta sha iska, Ilu yana tsaye yana duba gezar, sai Abba ya zo ya tsuguna ya gaishe mu. Ya daɗe yana kallonta.

"Baba, in ba za ku ji haushi ba, akwai magana a kan zanen abu mai rai," in ji shi. "Malamai sun yi bayani a kai. Ni dai na ce in faɗa muku abin da na karanta."

"Ka kyauta, ɗana," in ji Ilu. "Faɗar ai ita ce taka. Ni ma na taɓa jin haka. Na kuma ji an ce in an raba kan da jikin, hukuncin ya sauka. Mai-allura, ka bari in je in dawo, mu ɗauke ta mu kai wa liman ya gani. In ya ce a yanka su, ni zan ja layi a wuyan kowanne da hannuna, kai ka bi da zare. Mu yanka su mu biyu, kamar ragon layya."

Abba ya yi dariya, ya ce hakan ma ya yi. Iyakar abin da yaron nan ya faɗa ke nan, ban rage ko kalma ɗaya ba. Zuwan da Ilu yake nufi kuwa aikin hajji ne. Shekara uku yana kiwon bijimai biyu don wannan tafiya, kuma a wannan shekarar Allah Ya kira shi. Laimar tana gidanmu, ni ne kuma zan riƙe masa ranar dawowa. Da muka raka shi mota, yana ta zufa cikin sabuwar riga, ya leƙo ta taga ya ce in kakkaɓe masa gaurakarsa, yana so ta tarye shi da tukkunta a tsaye.

Bayan tafiyarsa da kwana kaɗan, muna fitowa daga sallar azahar, wani mutum da ba zan kama sunansa ba, don ya riga mu gidan gaskiya, ya dube ni a cikin jama'a ya ce, ashe bana ma za a tari alhaji da laimar gumaka? Aka yi dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, yanzu na gane, irin ta bakin masallaci ce wadda ake mantawa kafin a sa takalmi. Amma ku kun san ni da zuciya. Na taho gida kunnuwana na zafi. Na so a ce tsoron Allah ne kaɗai ya sa ni abin da na yi, da na samu abin kare kaina. Akwai tsoron Allah a ciki, ba na musu. Amma abin da ya fi yawa shi ne ina so a daina yi mini dariya, ina so a ce Hamisu, uban malami, ya gyara gidansa tun kafin a ce masa ya gyara. Na ɗauko laimar, na ɗauko reza da tsohuwar allura, na zauna a zaure. Mahaifiyarku ta zo wucewa da ƙwarya, ta tsaya.

"Malam, me za ka yi da reza a jikin laima?"

"Gyara."

"Kayan mutum biyu ne fa. Mai ita ɗaya yana gaban Ka'aba, ba ka jira ya dawo?"

"In ya dawo ai a ƙarƙashinta zai shigo gari. Mutum ya wanke zunubinsa tas, ni in ɗora masa hotuna a ka?"

"To ka bar ta a ɗaki mana, ka tarye shi da hannu. Ko yaron nan da ya kawo maganar bai ce a farke ba."

Na ce mata ta kula da tukunyarta. Ta dube ni, ta wuce.

Kwana goma sha biyu na yi ina farka. Zauren ƙarami ne, laimar ba ta buɗuwa duka a ciki, don haka rabi nake buɗe ta in ɗora a cinya, in yi ɓangare ɗaya in juya. Da tsattsewa na fara don ita ce ƙarama. Ban yi aikin ganganci ba, wannan kam. Zare ɗaya-ɗaya nake ɗagawa da bakin allura, in yanke, in zare, yadda mahaifina ya koya mini farka ba tare da an ji wa yadi ciwo ba. Ɗinkinsa ne nake kwancewa, na san hannunsa, na san inda yake ɓoye ƙulli, amma na hana zuciyata tsayawa a kan wannan. Da zaren ya tashi sai ga tawada a ƙarƙashi, baƙa wuluk, kamar jiya aka zana. Tunda ba a taɓa wanke laimar ba, zanen mahaifin Ilu yana nan kwance yadda ya bar shi. Tsattsewar da na cire ta zare, ga ta nan ta tawada tana kallona. Na ce a raina, ai hoto hoto ne. Na jiƙa tsumma na goge, na dirje har wurin ya yi fari. Haka na bi su duka takwas, in farke in goge, ina sauri don in gama kafin motar alhazai ta iso. Zaren da na cire ya cika ƙoƙo, na kai shi bayan gida na zubar.

Ni da na yi shekara arba'in ina taɓa yadi, ya kamata in san abin da yaro ɗan koyo ya sani. Yadin da ya tsufa haka, ba shi ke riƙe da ɗinki ba, ɗinkin ne ke riƙe da shi. Allurar mahaifina ta huda shi sau dubbai a gefen kowane tsuntsu, zaren ne ya toshe hudojin ya ɗaure su. Na cire zaren, na kuma jiƙa wurin na dirje. A naɗe ba ka ganin komai. Ban buɗe ta duka na gwada ba, don ba na so in fito da ita tsakar gida mahaifiyarku ta gani.

Ranar da suka dawo bazara ta kankama, rana tun hantsi take dukan ƙeya. Unguwa ta fito tasha, mata na guɗa daga nesa, Abba yana gefena. Ilu ya sauko daga mota ya rame, ya yi baƙi, yana murmushi da sabon haƙorin Makka, idonsa na nemana a cikin mutane. Na matsa, na ɗaga laimar, na tura ta sama da ƙarfi yadda aka saba. Sai na ji ƙyat, ƙyat, ƙyat. Da yadin ya miƙe, sai ya tsage ta kan hudojin nan, daidai inda allura ta bi. Wani ɓangaren ya faɗo ƙasa, wani ya rataye yana lilo. Na ɗaga kai, ga sararin sama ina gani ta cikin laima, ta wata ƙofa mai dogon wuya da ƙafa ɗaya. Guɗar ta tsaya. Sai wata murya daga baya ta ce:

"Aikin yaran nan ne masu sabon karatu. Ɗan Mai-allura ne ya farke ta, ai an ji shi yana cewa haramun ce."

Abba ya juyo ya dube ni. Yana jira in yi magana. Ni kuwa na kafe idona a ƙasa, na yi shiru, kuma shirun nan ya zama shaida. Daga ranar unguwa ta ɗauka Abba ne ya lalata laimar kakanninsa, ku ma da haka kuka tashi, har kuna yi masa tsiya da ita in an haɗu da salla. To ku ji daga bakina: Abba bai taɓa laimar nan da ko ɗan yatsa ba. Ya ɗauki laifin ubansa ya koma Kano da shi, bai taɓa tona ni ba, ko ga matarsa. Na nemi gafararsa, ya ce ba komai, amma gafarar ɗaka ba ta wanke sunan da aka ɓata a tasha, shi ya sa na rubuta.

Na fara ƙoƙarin naɗe laimar. Ilu ya riƙe mini hannu.

"Bar ta a buɗe," in ji shi. "Riƙe. Ai haka aka saba."

Haka muka taho, daga tasha har unguwa, yana gaba ina biye da yagaggiyar laima a kansa, rana na zubowa ta hudojin tana sauka a kan farar rigarsa. Yana amsa gaisuwar mutane, yana yi musu addu'a, bai ɗaga kai ya dubi sama ba ko sau ɗaya. Ban taɓa yin tafiya mai tsawon wannan ba. A ƙofar gidansa, da mutane suka shiga rububin dabino da zamzam, ya kamo bakin yadin da ke lilo, ya murza shi da babban yatsa, ya duba ta ciki. Ya yi magana ƙasa-ƙasa yadda ni kaɗai zan ji.

"Wannan ba hannun yaro ba ne. Farkar gwani ce."

Bai ƙara ba, ya shige gida. Da ya zage ni, da na san abin yi, don ni gwanin faɗa ne, mu yi mu shirya. Bai zage ni ba. Bayan ya huta ya dawo zaure, ya zauna a tabarmarsa, ya gama zanen duk aikin da muka karɓa kafin tafiyarsa. In ya miƙo mini yadi sai ya ce, ga shi, Malam Hamisu. Ni kuma na koma ce masa Alhaji. Kullum da safe ina shirya maganar da zan faɗa masa, kullum in ya zo sai girman kai ya hana ni, in ce gobe. Har na riƙa gaya wa kaina ai ni ke da gaskiya, hukunci na bi. Kafin ruwan farko ya sauka, ya ce zai koma Babban Mutum, garin mahaifiyarsa, ya kama gonar da ya gada a can. Ya kwashe iyalinsa. Kwalbar tawadarsa da alƙalumansa ya ɗauka, tabarmar ya bari.

Daga nan ne kuka fara sanin uban da kuka sani. Na nemi wani mai zanen, ban samu wanda hannunsa ya dace da nawa ba. Samarin yanzu da takardar kwafi suke aiki, dagi ɗaya su buga shi sau ɗari, layin ba rai. Na koma ɗinkin hula, wadda ƙirgen zare kawai take so. Amma ba zanen ne ya fi ci mini rai ba. Sai in ga abin dariya ya wuce ta ƙofar zaure, akuya ta saci ƙosai ko mai babur ya faɗa kwata, in juya in ce Mai-tawada ka gani, sai in tarar da tabarma. Na yi kewarsa, kewar da ban taɓa yi wa ɗan'uwan da muka fito ciki ɗaya ba. Mahaifiyarku takan ce, Malam, Babban Mutum fa ba Makka ba ce, mota ɗaya ce zuwa Baure. Ni kuma in ce wanda ya tafi shi ya san hanyar dawowa. Shekara takwas ina faɗar wannan maganar banza.

Da Allah Ya karɓi mahaifiyarku, ya zo gaisuwa. Ya zauna cikin mutane, ya yi addu'a mai tsawo, don ita ma ta ɗauke shi ɗan'uwa. Na ga ya tsufa, ana riƙe masa hannu in zai tashi. Ya tafi ban keɓe da shi ba. Da aka share makoki kowa ya watse, kuka koma gidajenku, gidan ya yi mini faɗi. Da can in na yi shiru a zaure, ina jin motsin tukunya a ciki. Yanzu ba motsi a ciki, ba kowa a bakin ƙofa. Ranar wata kasuwa na kulle gida na hau motar Baure, daga can na hau babur.

Na same shi da hantsi a gindin dalbejiya a ƙofar gida, yana ɓarar gyaɗa da lalube. Idonsa ya yi hazo, sai da na yi sallama ya gane ni. Ya sa aka kawo tabarma da fura. Muka gaisa, muka tambayi gida da gona, muka sake gaisawa. Da na ga gaisuwar za ta ƙare in tashi ban faɗa ba, sai na runtse ido na faɗa.

"Alhaji, ni na farke laimar. Ba Abba ba ne. Ka ce in jira ka, ban jira ba. Na zo ka yafe mini."

"Ai na sani tun a ƙofar gida," in ji shi. "Na kuma yafe maka tun kafin in kwanta a ranar. Mutum ya fito daga Arfa ya riƙe ɗan'uwansa a zuciya? Zaman ne dai na kasa. In na ɗaga ido na ga hannunka, sai in ga yana farka."

Na yi kuka, ban ji kunya ba. Ya bar ni na gama. Ya ture farantin gyaɗar gefe, ya matso har gwiwarmu ta haɗu, sai na ga fuskarsa ta canza, ta koma irin ta da in an kawo sabon yadi.

"Akwai abin da nake so in tambaye ka shekara takwas. Da ka ɗaga zaren, akwai tawada a ƙasa?"

"Akwai. Baƙa wuluk."

"Duka takwas?"

"Duka."

"Allahu Akbar." Ya gyaɗa kai. "Ka san Baba bai koya mini tsuntsu ba. Aska da dagi ya koya mini, ya ce tsuntsu sai hannuna ya nuna, sai ya rasu. Duk rigar da ya zana an wanke ta. Laimar nan kaɗai na san hannunsa na kwance a ciki. Duk shekarar da take gidana, sai in rufe ɗaki in buɗe ta, in yi ta gwada gaurakar nan a takarda, ba ta fitowa. Zare yana ɓoye inda alƙalami ya fara da inda ya ɗaga. Sau nawa na ɗauki allura in ɗaga zare ɗaya in leƙa, sai in ce a'a, aikin baban Hamisu ne, ba ni da iko."



"To kai ka gani," in ji shi. "Duk duniya kai kaɗai ka gani. Gaya mini. Gaurakar, ta ina ya fara? Ta baki ko ta ƙafa? Wuyan, ja ɗaya ya yi masa ko ya ɗaga hannu? In ya sake tsoma alƙalami ai wurin yakan fi baƙi, ka san wannan."

Ya kafe ni da idon nan da ba ya gani sosai, bakinsa a ɗan buɗe, hannunsa na dama ya riga ya ɗaga yana jiran ya bi layin a iska. Na nemi gaurakar nan a cikin kaina. Na ga tsumma, na ga ruwan da ya yi baƙi a ƙoƙo, na ga hannuna yana dirza. Ban ga layi ko ɗaya ba. Ƙarya ta zo mini har bakin harshe, in ce ta baki ya fara, ja ɗaya, kuma na san zai karɓa ya yi murna ya mutu da ita. Amma na riga na bar ƙarya ɗaya ta tsaya da shiruna a tasha, ba zan ƙara masa wata ba.

"Ban duba ba, Ilu," na ce. "Sauri nake yi."

Hannun ya daɗe a sama kafin ya sauke shi a kan gwiwarsa. Ya jawo farantin gyaɗar, ya lalubo ɗaya, ya riƙe bai fasa ba.

"To," in ji shi. "Sha furarka, kada ta yi tsami."

Na sha. Muka yi azahar tare, ya rako ni bakin hanya yana dafe da kafaɗata, ya tsaya har babur ya tashi. Na sake komawa sau biyu kafin rasuwarsa, ya karɓe ni da kyau, mun yi hirar gona da ta jikoki. Bai ƙara tambayata komai a kan zane ba.